Jirgin Pak Cik Hamdan

Kano, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Badamasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a can Malesiya. Mu nan lafiya lau muke. Mahaifiyarka ma ta samu sauƙin ƙafar, har ta fara fita unguwa.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar ƙanwarka Surayya. Wani yaro mai suna Yusha'u, ɗan gidan Alhaji Barau na Gwammaja, ya turo magabatansa neman aurenta, har sun kawo kayan gaisuwa. An ce a can suka haɗu lokacin da take karatu, kuma shi har yanzu yana can yana aiki, gari ɗaya da kai. Mun bincika gidansu, ba mu ji abin ƙi ba. To amma yaron ya daɗe ba ya gaban iyayensa, su kansu labarinsa suke ji. Tunda mahaifinku ya rasu nauyin aurar da ita a wuyana yake, ba kuwa zan ba da ita a kan ji-ta-ji-ta ba.

Ina so ka ba ni shaidarsa tsakaninka da Allah: addininsa, mu'amalarsa, riƙon amanarsa. Ba na son ta waya, don maganar waya ba ta da wurin kamawa. Ka rubuta da hannunka, ka ɗauki hoton takardar ka turo wa 'yata Saudatu, ita za ta bugo min.

Allah ya yi maka albarka.

Baffanka,
Alkasim

*

Sri Petaling, Kuala Lumpur, 10 ga Fabrairu

Ranka ya daɗe Baffa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaida Baffa da girmamawa, ina gaida su Hajiya da duk mutanen gida. Na ji daɗin jin Inna ta samu sauƙi, Allah ya ƙara lafiya.

Takarda ta iso, kuma Baffa ya tambayi wanda ya dace, don ba na jin akwai wanda ya san Yusha'u a ƙasar nan kamar ni. Ɗaki ɗaya muka zauna muna ɗalibai, tukunya ɗaya muka ci. Zan fara da alherinsa don kada a ce na rage masa wani abu. Yana sallah a kan lokaci, ba ya shaye-shaye, ban taɓa ganinsa da matan banza ba. Yana da aikinsa a wani kamfanin kwamfuta a Bukit Jalil, kuma yana jin yaren mutanen nan kamar a cikinsu aka haife shi. Maganar amana ce zan ba Baffa labari ɗaya, Baffa ya auna da kansa.

Bara na ga tallan wani tsohon jirgin ruwa. Ba kwalekwale ba ne, ba kuma irin manyan nan na masu kuɗi ba. Ƙarami ne mai ɗaki a ciki, da benci biyu da ake mayarwa gado, da ɗan risho, da tagogi zagayayyu masu bakin tagulla. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Siriri ne ƙwarai, idan na tsaya a tsakiyarsa na buɗe hannuwana saura kaɗan in taɓa gefe da gefe. Sirantar ce ma ta ja ni, don yana shiga ƙananan rafuka inda manya ba sa iyawa, kuma mota tana jansa a kan tirela. Yana ɗaure a bakin wani kogi wajen Klang, tafiyar awa guda daga nan, a hannun wani dattijo da ake kira Pak Cik Hamdan.

Baffa, ban taɓa son wani abin duniya kamar jirgin nan ba. Saboda shi na shiga ajin koyon tuƙin jirgi. Saboda shi, da gemuna da komai, na koyi iyo a tafkin wanka na gidan da nake haya, yaran maƙwabta suna tsaye suna yi min dariya. Na daina cin abincin waje, na koma dafa taliya, duk ina tari. Yusha'u ya san wannan duka, don har ya gaji da jin zancen.

Da na shirya sai na ɗauke shi ya yi min tafinta, a motata, da maina. Na yi ciniki yadda kuka koya mana a Kwari tun muna zuwa shago ranar Asabar. Ban nuna zumuɗi ba, na zagaya kaya na faɗi aibinsu, na taya. Dattijo bai sallama ba, na ce to zan je in yi shawara in dawo. Kowa ya san ma'anar wannan, ciniki yana nan a buɗe. A hanya ma Yusha'u cewa ya yi in ba tsohon kwana biyu ya sauko.

Ina nan ina ba shi kwana biyun, ranar wata Lahadi na buɗe waya, sai ga hoton Yusha'u a bayan sitiyarin jirgin, ya ƙwama baƙin gilashi yana murmushi. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ashe ya zagaya ya koma shi kaɗai, ya ƙara a kan tayina, ya biya, har an sauya takardu. Na same shi da yamma a wani mamak, wato shagon shayi da abinci inda muke haɗuwa da 'yan gida. A gaban mutane na tambaye shi, sai ya ce min, "Haba bro, cool down lah, tsohon ne fa ya kira ni." Ko tashi tsaye bai yi ba, cokalinsa na hannunsa. Tun ranar ban sake zama inda yake ba.

Shaidata ke nan. Ban ce a ba shi ba, ban ce a hana shi ba. Baffa ya fi ni sanin sunan da ake kiran wanda aka ɗauko ya yi rakiya, ya koma ta baya ya shiga cinikin ɗan'uwansa. Ni dai na san abin da na fi so aka ɗauke, ina ji ina gani, kuma wanda ya ɗauka shi ne wanda na nuna wa hanya.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Na bar Baffa lafiya.

Ɗanka mai biyayya,
Badamasi

*

Kano, 19 ga Fabrairu

Yaya Badamasi,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, duk da ban san ko za ka amsa ba, tunda wayata ma ka daina ɗauka. Shi ya sa na zauna na rubuto, in ka ga dama ka karanta.

Baffa ya ɗage sa rana. Ya aika wa su Alhaji Barau cewa su dakata sai ya neme su. Saudatu ce ta bugo takardarka, ita ta gaya min abin da ke ciki, kuma wallahi ka iya rubutu, Yaya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, ka dai zaɓi abin da za ka bari a waje.

"Na faɗi aibinsu." Haka ka rubuta, a taƙaice. Me ya sa ba ka gaya wa Baffa aibin da ka faɗa ba? Ka ƙwanƙwasa jikin jirgin ka ce akurkin kajin kakarmu ya fi shi ƙwari. Ka shiga ɗakin ka toshe hanci. Ka ja labulen taga ka ce tsumma ne. Sannan ka ce jirgi siriri haka ai makara ce, wa zai sayi makara da tsada. Yusha'u ya taɓa ka ya ce ka sassauta, ka ce ya fassara duka, kada ya rage ko kalma, don tsoho ya san ba baƙon ciniki ya samu ba.

Labulen nan matar dattijon ce ta ɗinka shi, kuma ba ta daɗe da rasuwa ba. A cikin jirgin suka yi yawon amarcinsu, a ciki suka tsufa suna fita kamun kifi. Mutanen nan ba kamar mu ba ne, na zauna da su na sani, ba sa kushe abu a gaban mai shi. Mutumin bai ga ciniki ba, zagi ya gani. Shi ya kira Yusha'u ya ce gara ya nutsar da jirgin da ya sayar maka, kuma ƙarshen wata zai koma wajen ɗansa a Johor, in bai samu mai riƙe shi da mutunci ba masu fasa tsofaffin jirage zai kira.

Ban ce Yusha'u ba shi da laifi ba. Ya kamata ya gaya maka kafin ya biya, ba wai ka gani a hoto ba, kuma na faɗa masa haka har muka kwana biyu ba ma magana. Shi ma jirgin ya shiga ransa, bai ɓoye min ba. Amma wannan tsakaninku ne, ku biyu da kwalekwalenku. Ni me na yi maka?

Kuma kada ka ce ba da gangan ka yi ba. Duk gidan nan an san Baffa bai sake gaisawa da Alhaji Sule abokin kasuwancinsa ba tun da ya shiga masa cinikin shadda, ko a jana'iza suka haɗu kau da kai yake. Ka san inda ciwon yake, can ka sa yatsa.

Ina son mutumin nan, Yaya, ban taɓa faɗa maka da bakina ba sai yau. Don Allah ka rubuta wa Baffa sauran labarin.

Ƙanwarka,
Surayya

*

Sri Petaling, 2 ga Maris

Surayya,

Wa alaikis salam. Ina lafiya, ina fatan kin daina kukan da Inna ta ce kina yi, don ba abin kuka ba ne.

Na ga Yusha'u ya samu lauya. To bari ki ji. Kushe kaya ba zagi ba ne, ke kanki da kike min wa'azi ban taɓa ganin kin sayi tumatir ba ki ce ya ruɓe ba. In tsohon bai san haka ba, aikin wa ne ya sanar da shi? Me ya sa na ɗauki tafinta? Da aku nake so da na saya a kasuwa. Eh, na ce ya fassara duka, amma mai hankali ya san abin da zai tace. Cewa zai yi, Pak Cik, haka mutanenmu suke ciniki, wanda ya fi kushewa shi ya fi so. Ko kuma ya ja ni gefe ya ce matarsa ce ta ɗinka labulen, ai ni ba dabba ba ne. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya yana zuba wa tsoho maganata ɗanya, yana wani sunkuyar da kai shi mai kunya, ni na zama mugu shi ya zama ɗan kirki. Tun a wurin ya fara cinikinsa, ni ne ban gane ba.

Kin ce da gangan na yi. Da gangan na yi mana. Wata nawa ina ganin hotunansa, yau yana soya kifi a kan rishon, gobe ya kwashi abokanmu sun tafi, har da waɗanda suka san yadda aka yi. Na haɗiye, na yi shiru, ina roƙon Allah ya kawo ranar da zai nemi wani abu a hannuna. Da takardar Baffa ta iso sai da na yi sujada. So nake ya ɗanɗana yadda ake ji idan abu ya zo har hannu wani ya janye, kuma ya ɗanɗana.

Ranar Juma'a ya tare ni a Kampung Baru bayan an sauko daga masallaci. Ya rame, wuyan rigarsa har yawo yake. Na ce ina jin yunwa, sai na ci abinci. Ya bi ni rumfar mai shinkafa, ya zauna yana kallona har na gama, na ƙara da shayi, ban ce masa bismillah ba. Sannan ya ce, "Badamasi, ka karɓi jirgin. Just take it. Ka gyara min wajen Baffa kawai."

Na ce ni ban ce ya ba ni ba, kuma kyauta ba na so. Jirgin ma yanzu ya sha wuya a hannunsa, injin ya fara tari, na ji labari. In saya zan yi, a tayina na farko zan saya, abin da ya ƙara wa tsoho shi ya jiyo. Ya ce ya yarda. Na ce kuma makullin a mamak ɗin nan zai ba ni, a teburin nan, a gaban mutanen da suka ji ya ce min in yi sanyi. Har na ɗauka zai tashi, sai ya ce, "Boleh," wato ya yarda. Daren Asabar ya kawo, ya miƙo min a tsaye da hannu biyu, ni kuwa ina zaune da cokalina.

Jiya na fita da jirgin ni kaɗai. Yana rawa idan babban jirgi ya wuce, sai ka riƙe da kyau, amma da na shiga rafi na kashe injin, Surayya, ban taɓa jin sanyi a zuciyata irin na jiya ba. Labulen ma na bar shi, da na duba da kyau ɗinkin ba laifi.

Yanzu na huce. Ki kwantar da hankalinki, ni na ɗaure ni zan kwance. Takarda ɗaya zan yi wa Baffa, ki fara zaɓen ankon biki. Kuma ki gode min, don kin samu miji da aka riga aka ladabtar.

Yayanki,
Badamasi

*

Sri Petaling, 3 ga Maris

Ranka ya daɗe Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baffa da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa, ya jama'a.

Na rubuto ne a kan maganar Yusha'u. Alhamdu lillahi mun daidaita. Ya gane kuskurensa, ya same ni har inda nake ya ba ni haƙuri, ya kuma mayar min da jirgin a farashin da na taya tun farko, shi ya ɗauki asarar abin da ya ƙara. Da kansa ya roƙe ni in gyara masa a wajen Baffa, na ga kuma ya cancanta.

Saboda haka ina roƙon Baffa ya ajiye takardata ta farko a gefe. Na rubuta ta raina a ɓace, kuma akwai bayanan da ban kawo ba, don da gaske dattijon ne ya neme shi, ba shi ya fara zuwa ba. Yusha'u mutumin kirki ne, zai riƙe Surayya da amana. Ni a nawa ɓangaren na amince ɗari bisa ɗari, Baffa na iya kiran su a sa rana. In an sa bayan sallah zan samu hutu in zo.

A gaida su Hajiya da Inna. Na bar Baffa lafiya.

Ɗanka mai biyayya,
Badamasi

*

Kano, 8 ga Maris

Badamasi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Takardunka biyu suna gabana, na karanta su a jere. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Da ta farko ta zo ban hana yaron nan ba, dakatarwa na yi. Shiga ciniki laifi ne babba a wurina, amma na tsufa, na ga abin da riƙo ya jawo min. Niyyata in kira mahaifinsa, yaron ya yi min bayani da bakinsa, ya ba ka haƙuri, a wuce wurin. Har na gaya wa mahaifiyarku haka.

Ta biyun ce ta rufe maganar. Yaro ya ji an yi masa shaidar da ba ta yi masa daɗi ba, bai nemi waliyyi ya kare kansa ba, sai ya je ya biya mai shaida. Kai kuma ka karɓa, har da neman ragi. Na tambaye ka tsakaninka da Allah, ka kushe mutum don farashi ya sauka, da kaya suka zo hannunka ka dawo kana yabo. Yanzu wacce zan ɗauka? Ta farko ta mai fushi ce, ta biyu ta wanda aka biya ce. Ba ni da shaida ke nan, abin da na sani tabbas shi ne ɗaya ya saya ɗaya ya sayar, kuma da auren marainiyar da aka bar min kuka yi cinikin.

Yau da safe na mayar wa Alhaji Barau kayansu a gaban mutane, na ba shi haƙuri. Kada ka rubuto min a kan wannan magana kuma. Hutunka ka riƙe abinka, babu bikin da za ka zo.

Allah ya shirye ka.

Alkasim

*

Kano, 9 ga Maris

Yaya Badamasi,

Salamu alaikum. Na ji ka shiga jirginka, Allah ya sa alheri.

Ba zan zage ka ba, ba kuma zan yi maka baki ba, Inna ta roƙe ni. Abu ɗaya nake so ka riƙe. Kai ma ba ka yi aure ba. Wata rana za ka ga wadda ta kwanta maka, danginta su zo bincike. Maza za su je wajen Baffa, ka san abin da zai ce. Mata kuma cikin gida za su shigo, su zauna a ɗakin Inna, su ce ina ƙanwarsa, ai ita ta fi saninsa.

Zan shimfiɗa musu tabarma, in kawo musu ruwa. Zan fara da alherinka, don kada a ce na rage maka wani abu. Ba zan yi maka ƙarya ko ɗaya ba. Ni kuma babu abin da za ka kawo min in karɓa.

Ka huta lafiya.

Surayya